Ga wanda tsoron likitan haƙori ya hana shi zuwa asibiti: yadda na yi har na iya zama a kujerar

Ina ɗan shekara 9 aka cire min turmin haƙori a wani asibiti, mutum uku suka danne ni, ɗaya ya riƙe ƙafafu ɗaya hannuwa ɗaya ya matse min kai, allura kam an yi min amma ba a jira ta kama ba, ina ihu ina cewa da zafi ana ce min ƙarya kake ai an maka allura. Daga ranar sai da na yi sama da shekara 20 ko ƙofar sashen haƙori ban sake bi ba. Warin wajen kaɗai, wannan warin mai kama da kanumfari, in na shaƙa sai cikina ya juya tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Toh in kai ma haka kake, ko ke ma haka kike, ka kwana kana juyi da ciwon haƙori ka gwammace ka yi ta haɗiyar farasitamol da ka je a duba ka, wannan rubutun naka ne. Ba ragwanci ba ne kuma ba raki ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, jikinka ne ya haddace abin da aka masa yake ƙoƙarin kare ka. Amma ana fita daga ciki, ni na fita, ba a rana ɗaya ba.

Abu na farko ka zauna ka tantance mene ne ainihin abin da kake tsoro, don kalmar tsoron likita ta yi faɗi da yawa. Wani allura ce matsalarsa, wani ƙarar injin nan mai ziiii da ake rarake haƙori da shi, wani jini, wani kuma da an sa masa abu a baki sai yunƙurin amai ya taso ya ji kamar zai shaƙe. Akwai wanda kunya ce tsagwaronta, haƙoran sun lalace sun yi baƙi da goro ko taba, baki yana wari, yana tsoron a masa faɗa a gaban nas da ɗalibai a ce ina kake tun tuni. Ni nawa da na bincika sai na ga ba zafin ba ne ma kan gaba, a kwantar da ni baki a buɗe ba ni da ikon cewa a tsaya, shi ne. Kowanne maganinsa daban, shi ya sa na ce ka rubuta shi a takarda ko a waya, layi biyu ko uku, don ranar da ka shiga ɗakin kana iya rasa bakin magana sai kawai ka miƙa wa likita ya karanta.

Sai kuma labaran da muka taso muna ji, waɗanda su ma suna ƙara wutar tsoron. Cewa in an cire haƙorin sama ido yana mutuwa, ba gaskiya ba ne, jijiyar gani daban jijiyar haƙori daban, kullum ana cire haƙoran sama mutane na tafiya gida da idonsu garau. Cewa wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora girgiɗi, abin da ke faruwa shi ne dattin da ya daskare kamar dutse ya riga ya cinye dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙorin, in an kankare shi sai ɓarnar da ya ɓoye ta bayyana, barinsa shi ke zubar da haƙora ba cire shi ba. Cewa tsutsa ce a cikin kogon, har masu magani a kasuwa su turara maka hayaƙi su nuna maka wasu fararen abubuwa a ruwa, babu wata tsutsa, ƙwayoyin cuta ne da ke cin sukari su fitar da tsami yana narkar da haƙorin a hankali. Sannan mai ciki ana duba ta ana mata aiki in ya kama, a dai faɗa wa likita akwai ciki da watanninsa, an fi son tsakiyar cikin wato wata 4 zuwa 6 in aikin ba na gaggawa ba ne.

Yanzu maganar allurar kashe zafi, nan zan daɗe don nan ne aka cuce ni ina yaro kuma na san mutane da yawa nan aka cuce su. Maganin da aka fi amfani da shi sunansa lidoken, a ƙasar Suwidin aka haɗa shi a 1943, kuma in ya kama da gaske ba ka jin zafi, amma yana buƙatar lokaci. Haƙoran sama suna saurin mutuwa, minti 2 zuwa 5 ya isa yawanci, saboda ƙashin sama ba shi da tauri sosai maganin yana ratsawa. Na ƙasa, musamman turame, ƙashin muƙamuƙi yana da kauri, dole sai an kai allurar can ciki kusa da babbar jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙin, shi ya sa rabin leɓenka na ƙasa da gefen harshe suke yin nauyi kamar ba naka ba, kuma wannan kan ɗauki minti 5 zuwa 10 wani lokacin ma ya fi. Ga abin da ba a faɗa mana: leɓe ya mutu ba ya nufin haƙorin ya mutu ɗari bisa ɗari. Kuma haƙorin da ya riga ya kumbura yana zugi ya tara mugunya ya fi kowane wuyar kashewa, don kumburin yana rage ƙarfin maganin kuma jijiyar ta riga ta harzuƙa. Kaga kenan mu masu tsoro mu ne muke zuwa a mafi munin lokaci, sai ciwo ya ci ƙarfinmu fuska ta haye sannan a kai mu, allura ta ƙi kamawa da kyau, mu sha wuya, mu dawo mu ce ai dama na faɗa. Wanda ya je tun kogon yana ƙarami ciko kawai za a masa, wani lokacin cikin rabin awa an gama.

Don haka haƙƙinka ne ka ce likita a gwada tukuna kafin a fara, zai taɓa dasashin da ɗan ƙarfe ya tambaye ka, in ka ji tsini ko zafi ka faɗa, a ƙara jira ko a ƙara allura, ana ƙarawa ba wani abu ba ne. Ka kuma san bambancin zafi da dannawa. Allurar tana kashe zafi amma ba ta kashe jin turawa da girgizawa, lokacin cire haƙori za ka ji ana danna muƙamuƙinka da ƙarfi har ka ji ɗan ƙas ƙas a cikin kunne, wannan ba alamar wani abu ya ɓaci ba ne. Ni da ba a min wannan bayanin ba da na ji turawar zan zabura. Sannan yawancin allurar ana haɗa ta da ɗan sinadarin adiranalin don ta daɗe a wajen kuma jini ya ragu, shi kan sa wasu su ji zuciya na bugawa fat fat hannu na rawa na 'yan mintuna, mai tsoro sai ya ɗauka mutuwa ce ta zo, alhali wucewa yake da kansa. In ya faru ka faɗa wa likita, ka ci gaba da numfashi a hankali. Shi kansa sukar allurar akwai man da ake shafawa a dasashi minti ɗaya ko biyu kafin a soka, yana rage jin tsinin sosai, ka tambaya ko suna da shi, kuma ka roƙi a tura maganin a hankali don yawancin raɗaɗin daga saurin turawa yake ba daga bakin allurar ba. Ka rufe ido tun kafin a ɗauko ta, ganin sirinjin nan na ƙarfe ba ya ƙara maka komai.

Wajen zaɓen inda za ka je, dan Allah ka bar masu cire haƙori a kasuwa da bakin tasha, ba allurar kirki ba tsaftar kayan aiki, ga haɗarin ciwon hanta ta ƙarfen da aka sa a bakin wani, ga karya haƙori a bar saiwar a ciki. Manyan asibitocin koyarwa duk suna da sashen haƙori, na Malam Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, ga asibitocin jiha ga masu zaman kansu. Na gwamnati ya fi sauƙin kuɗi amma akwai layi, kuma zaman layi kana jin ƙarar inji daga ciki yana kunna tsoro, don haka ka yi sammako ka zama cikin na farko, ko ka yanki kati ka ba wanda ya rako ka ya tsare maka layin kai ka jira a waje. In da hali a zuwan farko ka je na kuɗi inda za a ba ka lokaci. Ka tambayi 'yan uwa da abokai wane likita ne mai haƙuri mai saukin hannu, musamman wanda ya iya da yara, irin su sun saba lallashi. Ke kuma 'yar uwa in kin fi sakewa da likita mace ki nema, akwai su, ki tafi da wata ta zauna kusa da ke.

Zuwan farko ka ƙudurta a ranka ba aiki za a yi ba, magana ce da dubawa kawai, kuma ka faɗa tun a wajen yankar kati. Ni abin da na ce shi ne, likita ina da tsoro mai tsanani, an taɓa danne ni ina yaro, yau so nake a duba kawai a min bayani. Wallahi da ƙyar maganar ta fito muryata na rawa, amma tana fita na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bakin da kake jin kunyarsa sun ga wanda ya fi shi lalacewa a safiyar ranar ma. In ka yi wannan bayanin likitan ya yi maka dariya ko tsawa ko ya ce kai ba namiji ba ne, ka tashi ka yi sallama ka nemi wani, ba ka yi laifi ba, wanda bai saurare ka kana zaune ba ba zai saurare ka kana kwance ba.

A wannan zaman ne za ku yi yarjejeniyar da ta fi komai amfani a wajena, alamar tsayawa. In na ɗaga hannun hagu a dakata. Hagu saboda yawancin likitoci ta damanka suke zama kada ka buge musu hannu da ƙarfe a bakinka. Kuma ka gwada ta tun da wuri, ana fara dubawa da ɗan madubin nan ka ɗaga hannu ko ba ka ji komai ba, ka ga ya tsaya, jikinka yana buƙatar ya gani da idonsa cewa wannan karon in ka ce a tsaya ana tsayawa. Ka roƙi a riƙa gaya maka abin da za a yi kafin a yi da tsawon lokacinsa, misali zan kunna inji in ƙirga goma in tsaya. Wasu kuma ba sa son jin komai sun fi son a yi shiru a gama, kai ka san kanka, ka faɗa. In kwanciya flat tana sa ka ji kamar za ka shaƙe ka ce a ɗan ɗaga kujerar.

Daga nan sai a bi abin daki daki, sannu ba ta hana zuwa. Zuwa na biyu hoto da wanki, na uku ƙaramin ciko, babban aikin a ƙarshe in ba gaggawa. Kada ka bar tazara mai tsawo tsakani, sati ɗaya ko biyu, in ka bari wata uku tsoron yana sake tsirowa. Kafin ka bar asibitin ka karɓi ranar dawowa, in ka ce sai na je gida na yi tunani ba za ka dawo ba, na yi hakan sau biyu.

Ranar aiki ka ci abinci kafin ka fita, mara nauyi, koko da ƙosai ko burodi, sai dai in an ce za a sa ka barci ne aka hana ka ci. Yunwa da tsoro in suka haɗu su ke kawo jiri da suma a kujera, shi ya sa ma in aikin zai iya jira gara a sa shi ba a cikin azumi ba. Ka rage shayi mai kauri da kofi da lemon ƙara kuzari a safiyar, suna ƙara bugun zuciya. Ka tafi da iyafis ka sa karatun Alƙur'ani ko duk abin da ke kwantar maka da hankali, yana danne ƙarar injin, ni carbi nake riƙewa a hannun dama ina Hasbunallahu wa ni'imal wakil a zuci. Numfashi kuma ta hanci, ka ja kana ƙirga 4 ka sake a hankali kana ƙirga 6, fitarwar ta fi jan tsawo, ita ke saukar da bugun zuciya, amma ka fara koyonsa a gida kwanaki kafin ranar, ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife. Ka lura da kafaɗunka da yatsun ƙafa, za ka ga ka ƙanƙame su ba ka sani ba, ka sake su. Mai yunƙurin amai shi ma numfashin hanci ne babban maganinsa, ka ce a riƙa zuƙe yawun da bututun nan akai akai, wasu ɗaga ƙafa ɗaya sama su riƙe yana ɗauke musu hankali lokacin ɗaukar hoto.

Wanda kuma yake suma in ya ga allura ko jini, naka daban ne, kai jininka ne ke sauka ba hawa ba, saboda haka sakin jiki ba shi ne maganinka ba. Ka ɗaure naman hannuwa da cinyoyi da ciki tamau na daƙiƙa 10 zuwa 15 har ka ji ɗumi a fuska, ka saki na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka maimaita sau 5, yana ɗaga jinin ya hana suman. Ka faɗa wa likita kana suma don ya maka allurar kana kwance. Mai hawan jini ya tambayi likitansa kafin ya yi wannan.

Wani abu da nake roƙo da babbar murya, kada ka sha wani abu don ka samu ƙarfin hali, tiramol ko baliyam ko maganin tari mai kodin ko wanin su, ka ɓoye wa likita. Yana iya karo da abin da za a ba ka ya taɓa numfashi. In tsoron ya kai a ba ka maganin kwantar da hankali likita ne zai rubuta ya faɗi adadi da lokaci, kuma sai da ɗan rakiya, ba tuƙi ba hawa babur da kanka. Akwai iskar da ake shaƙa ta hanci da ake kira iskar dariya, tun 1844 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Horace Wells ya fara cire haƙori da ita, tana sa jiki ya saki kana farke kana jin magana kuma tana barin jiki cikin mintuna, ba ko'ina ake samunta a wajenmu ba amma ka tambaya. Akwai kuma sa barci gaba ɗaya a tiyata a manyan asibitoci, ga wanda aikinsa ke da yawa ko ya kasa ta kowace hanya, sai dai ka sani barcin yana gyara haƙori ne ba ya cire tsoro, ka farka da tsoronka yadda yake. Kuma duk wata lalura ka faɗe ta, hawan jini, ciwon suga, sikila, asma, olsa, ciwon zuciya, maganin tsinka jini ko asfirin da kake sha kullum, ko in wani magani ya taɓa maka borin jini.

In ka gwada duk wannan ka ga ko ƙofar ba ka iya shiga, kana kuka kana rawar jiki kana mafarkin abin, ka nemi masanin halayyar ɗan'adam, ana samunsu a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato. Zuwa wajensu ba ya nufin tabin hankali. Aikinsu su saba maka da abin a hankali, yau hoton kujera gobe sauraron ƙarar inji jibi riƙe sirinji a hannu, suna gyara tunanin da ke zuwa maka, kuma irin wannan tsoron na abu guda yana cikin waɗanda suka fi jin wannan magani. Musamman wanda aka taɓa cin zarafinsa, kwanciya wani ya tsaya a kansa yana tayar masa da abin da ya wuce, wannan ya cancanci taimako na musamman kuma ba dole ne ya ba likitan haƙori labarin duka ba, ya isa ya ce ina da dalilin da ya sa kwanciyar ke min wuya.

Kafin ranar ta zo in ciwo ya taso, farasitamol bisa ƙa'ida, ibufurofen in ba ka da olsa ko ciwon ƙoda ko juna biyu, kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, kanumfari yana ɗan lafar da shi na ɗan lokaci. Kada ka ɗora asfirin a kan dasashi ƙona shi yake, balle fetur ko ruwan batir da wasu ke ɗigawa, wallahi na ga bakin da ruwan batir ya saɓule. Amoksil da filajil na kemis suna iya kwantar da kumburi amma tushen yana nan zai dawo. Kuma in haƙorin da ya hana ka barci ya yi shiru da kansa kada ka yi murna, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, cutar na ci gaba da gangarawa saiwa.

Akwai lokacin da maganar bi a hankali ta ƙare. In kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya ya yi tauri, ko ya haura wajen ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, harshe ya ɗago, zazzaɓi ya rufe ka ko numfashi ya fara wuya, a daren nan za a tafi sashen gaggawa ba sai gari ya waye ba. Ciwon turmin ƙasa yana iya bazuwa ƙarƙashin harshe ya toshe maƙogwaro, yana kisa, kuma ya fi saurin kama mai ciwon suga.

In an cire haƙorin ka ciji audugar kamar minti 30 zuwa awa ɗaya, ranar kada ka kurkure baki da ƙarfi kada ka yi ta tofar da yawu kada ka zuƙi abu da tsinke, taba kuma a ajiye ta kwanaki, saboda gudan jinin da ya toshe ramin shi ne murfin ciwon, in ya fita bayan kwana 2 ko 3 za ka ji zugi mai tsanani, in hakan ta faru ka koma a sa maka magani a ramin. Ka sha maganin ciwo kafin allurar ta sake ka, kuma ka kula kada ka tauna leɓe ko harshe yana mace, awa 3 ko 4 yake ɗauka kafin ya dawo. Washegari sai a fara ruwan gishiri mai ɗumi a hankali.

Yarana kuwa tun ba abin da ke damunsu na fara kai su, su hau kujerar a ƙirga musu haƙora su sauko, kuma na hana kowa a gidan ya ce in ba ka yi shiru ba za a kai ka a maka allura. Turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6 a can baya ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye da yawa suna ɗauka na nono ne za a famfare shi sai a bar shi ya rube, irinsa aka cire min. Ranar da za a yi wa babbar 'yata ciko na gaya wa likitan a gabanta cewa in ta ɗaga hannu a tsaya, ta ɗaga sau uku, sau ukun kuma ya tsaya.